Sifikar Hagu

Wata Juma'a bayan la'asar, a gidanmu na Malumfashi, Baba ya ɗora faifai a garmahonsa mai sifika biyu, sai ya ɗaure fuska. Wai ta hagu ba ta kai ta dama ƙara ba.

Ya hure allurar, ya goge faifan da gefen rigarsa mai ƙamshin garin masara, don a injin niƙa yake yini. Ya musanya wayoyin. Ta hagun dai ce.

Sai ya zaunar da ni a tsakiyar tabarma. "Uwata, rufe ido. Wacce ta fi ƙara?"

"Duk ɗaya ne, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya wa garmahon baya, ya saurara. Sai ya ji yanzu ɗayar ce ta yi ƙasa.

Ya taɓa kunnensa na hagu, ya yi ɗan murmushi. "Ashe inji ya karɓi rabonsa. Dawo ta hannun damana, kar maganarki ta wuce ni."

Baba ya daɗe da rasuwa. Amma har yau, in zan faɗa wa mutum abin da ke raina, sai in tsinci kaina na zagaya ta hannun damansa.