Wanda Ya Fara Tsayawa Bayan Ɗangana

Jika yana gyaran jinkar rumbunsa a wani ƙauye na ƙasar Buza, sai ga Alhaji Ɗangana ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a ƙasa da farar rigarsa.

Kowa ya san Ɗangana. Zamanin tsohuwar gwamnati shi ne shugaban jam'iyya na garin. A shekarar babbar yunwa aka ba shi jar dawar taimako ya raba, ya loda ta a kamiyo, babbar motar kaya, ya sayar ƙetaren iyaka. Cikin waɗanda aka binne a bazarar nan har da Zinariya, ɗiyar Jika ta fari. Da soji suka karɓi mulki aka kai shi gidan kaso. Ya fito ya ajiye gemu, ya je Makka, ya dawo da carbi mai tsawo kamar igiyar guga.

Yanzu za a zaɓi shugaban koperatif, mai riƙe mabuɗin mangaza, ɗakin ajiyar kayan gari.

"Malam Jika, ni na kashe maka ɗiya," in ji shi, hawaye na bin gemu. "Kaso ya koya mani hankali. In ba ka yafe mani ba, ina zan sa kaina ranar tsayuwa?"

Jika bai taɓa ganin babban mutum durƙushe a ƙofarsa ba. Kansa ya yi girma, zuciyarsa ta yi sanyi. Ya ce ya yafe duniya da lahira.

Da baƙon ya tafi, matarsa Zali ta fito daga bayan danga.

"Malam, shekara nawa da fitowa tai? Sai yau ya gane hanyar gidanmu?"

"Ke, mutum ya biya laifi nai. Allah ma muna saɓa mashi shi yafe."

"Yafe mashi, ban hana ba. Amma gafara ya zo biɗa, ko mabuɗi?"

Ranar zaɓe aka taru a dandali. Ba takarda, ba akwati: kowa ya je ya tsaya bayan wanda yake so. Mutane suka yi cirko-cirko, ana kallon juna, don babu mai son a fara ganinsa bayan tsohon ɗan kaso. Sai Jika ya gyara hula, ya taka a hankali ya tsaya bayan Ɗangana.

"Uban mamaciya ya yafe," wani ya ce. "Mu su wa?"

Layi ya miƙe har gindin gawo. Ɗangana ya karɓi mabuɗi.

Damina ta yi kyau a shekarar. Hatsi ya fitar da kai, yara har sun fara gasa tumu, sai fara ta sauka. Hukuma ta aiko da garin maganin fara buhu-buhu, aka sauke a mangaza. Ɗangana ya raba da hannunsa, yana bismilla a kan kowane kwano.

Jika da iyalinsa suka ƙulla garin a tsumma, suka bi kunya-kunya suna kaɗawa tun da safe. Fara ta yi fari fat da gari, ta ci gaba da cin abinta. Aka sake washegari. Ko ɗaya ba ta faɗi ba. Kaji ma suna tsattsagar garin da ya zube, suna yawonsu lafiya lau.

Zali ta kwance tsummanta ta murza garin a tafin hannu. Ta tsinto wani ɗan baƙin abu ta miƙa wa mijinta.

"Gawayin kara ne. Malam, toka muke ta barbaɗa ma fara."

Ainihin maganin ya bi tsohuwar hanyar da jar dawa ta bi. An dai yayyafa kaɗan a saman buhunan don wari.

Kafin a ankara gonaki sun zama kara tsaye. Jika ya tarar da Ɗangana a zaure, ana yi masa fifita.

"Haba Malam Jika! Abin da anka aiko shi na raba. Farar bana ce mai taurin kai. Kai da ka shaide ni gaban jama'a, yau kai za ka tona ni?"

Aka kai ƙara, magana ta shiririce, don an riga an kaɗe shaidar a gonaki, iska ta kwashe. Mutanen gari kuwa ba su ga laifin ƙafafunsu ba. In Jika ya wuce sai a ce, "Ga wanda ya ja mu."

Rumbun da ya gyara wa jinka bai ga dami ba. Bazara na shiga, gidan ya koma cin tafasa da dusa. Autarsu Altine ta kumbura, gashinta ya yi ja, kyanda ta same ta ba ƙarfi. Aka binne ta kusa da yayarta.

Ranar addu'a sai ga Alhaji Ɗangana, don an ce wani zaɓen na tafe. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa daidai inda ya durƙusa bara, hawaye suka fara bin gemu. Jika bai ɗago kai ba. Zali ce ta fito da ƙwarya, ta ajiye masa a gabansa, ta koma ciki. Toka ce cike da ita.

Jama'a, ni ma uba ne, kuma wannan abu yana hana ni barci. Wanda ya fito kaso mu gaisa da shi, mu yi sahu ɗaya a masallaci, ya yi nomansa ya ci. Amma wanda ya tuna da tuba sai ranar da yake son kujera, ku yafe masa in kuna so, kada ku sake ba shi mabuɗin abincin ƴaƴanku.