Wayar da Ke Kwance a Ƙasa

Ka ce ka gwada sau biyu abu ya ƙi, don haka ka wanke hannunka. To gyara zama ka ji, kuma kada ka katse ni.

An yi wata mata a wani gari, sana'arta haɗa kwamfutoci, da ita take ci da 'ya'yanta uku. Wata makaranta ta ɗauke ta ta kula da ɗakin jarrabawa. Kwamfuta ashirin ne a jere, kowace da wayarta, wayoyin sun bi ta cikin bango sun taru a wani akwatin ƙarfe mai ramuka ashirin da huɗu. Akwatin nan shi ke raba musu saƙo, kamar yadda uwargida ke rabon tuwo. Kowane rami da 'yar fitilarsa, in ta yi kore tana ƙiftawa a natse, to lafiya lau. Ana saura mako guda masu dubawa su zo daga birni, sai ɗakin ya ɗauki wata irin cuta. Da safe a kunna, babu kwamfutar da ke jin 'yar'uwarta. A aika a kira matar, ta zo ta jona ƙaramar kwamfutarta don ta ga inda ciwon yake, sai komai ya miƙe garau. Gobe kuma a koma gidan jiya. Malamai suka soma zolaya, wai akwatin ya san uwarsa, sai ya ji ƙamshin turarenta yake yin shiru. Shugaban makaranta bai yi dariya ba. Ya ce in ran Alhamis ɗakin nan ya kunyata shi a gaban baƙi, ta tattara kayanta, akwai mai jiran aikin.

Da farko ta zargi wuta. Ta auna soket, ta sake wayar da ke ba akwatin wuta, ta sa aka tayar da janareta. Wuta ba ta da laifi. Ta koma kan wayoyi, ta yanke kawunan guda goma ta sake matse su har yatsunta suka yi kanta. Washegari ciwo na nan. Aka ce mata ta rubuta a sayo sabon akwati a huta. Ta ce ita ba ta binne wanda ba ta tabbatar ya mutu ba. Ran Laraba da aka aiko, ta shiga ɗakin ba ta ko buɗe jakarta ba. Ta ce a ranta, tun da zuwana ke korar abin, to akwai abin da hannuna ke yi ban sani ba. Ta goya hannuwa a baya, ta tsaya a gaban akwatin tana kallo. Fitilun duka suna ƙiftawa tare, da sauri, kamar idon mai zazzaɓi. Ta durƙusa ta soma zare wayoyi ɗai-ɗai. Ta zare, ta ƙirga goma, ta duba, ta mayar. Gwiwa ta yi tsami, zufa ta jiƙa mayafi, shugaba ya leƙo sau biyu yana duban agogo, ba ta ɗago ba. Tana zare ta ashirin da biyu, fitilu suka lafa.

Da wani ne, nan zai tsaya ya ce ya gama. Ita ta kama wayar da hannu ta bi ta, ƙarƙashin teburi, bayan kabad, har kusurwar ɗakin. Nan kunya ta kama ta, don wayarta ce, wadda ta ja daga akwatin musamman don jona ƙaramar kwamfutarta. Kullum in ta gama sai ta yar da bakin a ƙasa ta tafi. Yanzu ga bakin a cuse cikin wani ramin bango, ramin kuwa wayarsa ga akwatin nan take komawa. Saƙo ya fita ta wannan ƙofa ya shigo ta waccan, ya sake fita, yana ta kewaye kamar gulma a unguwa, har ya toshe wa kowa hanya. Kowace safiya ita ke fizge wayar daga bango ba tare da ta lura ba, shi ya sa ciwon ke gudu in ta zo.

Tana nan riƙe da wayar, sai tsoho mai sharar makarantar ya matso da tsintsiyarsa. Ya ce, "Yauwa 'yata, gara da kika gani. Kullum sai kin bar kayan mutane a ƙasa ana takawa. Ni nake goge ta in mayar miki da ita raminta."

Ta ce, "Baba, ka yi gaskiya, ni ce na yar. Allah ya saka da alheri. Amma daga yau in ka ga waya a ƙasa, rataye min ita a ƙusa."

Ta naɗe wayar ta jefa a jaka, ta liƙe ramukan da babu kowa a cikinsu, ta rubuta wa kowace waya lambarta. Ran Alhamis masu dubawa suka zauna tun hantsi har azahar, kwamfuta ashirin babu wadda ta yi tari. Aikinta ya tsaya a hannunta.

Kai ma koma ka bi taka wayar har ƙarshe, ko da za ta kawo ka bakin ƙofarka. Magabata ba su faɗa a wasa ba: ruwa ba ya tsami banza.