Tayar da Ta San Hanyar Gida

Abin kunya, na manta hanyar garinmu. Tunda aka soma yin tayoyi masu haddace hanya, wa ke wahalar da kansa? Sai ga tayoyin jif ɗina sun suɗe, Inna kuma ba lafiya, tana nemana.

"Alhaji, sababbi ba su san ko'ina ba," in ji Ɗanliti mai taya. "Bar tsohuwa ɗaya ta koya musu."

Na zaɓi mai kyan cikin tsofaffin, ya ɗaura. Na riƙe sitiyari ina bin ta har ƙofar Inna. Na tarar ta samu sauƙi, har da tsokanar tumbina.

Da na koma godiya, Ɗanliti ya duƙa ya duba.

"Alhaji, wannan ai safaya ce. Ba ta taɓa taka ƙasa ba."