Ranar da Kwamiti Ya Zo Bariki

Tun hantsi aka jera su a filin fareti, rana tana gasa musu ƙeya, kwamitin majalisa bai iso ba. Maradiaga ya gyara wuyan kakinsa. Rigar ta yi masa yawa a kafaɗu. Matarsa Fidelina ce ta goge ta da safe, ta miƙa masa ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Duk shekara majalisa tana ware wa sojojin ko-ta-kwana kuɗi, duk shekara kuma sai an zo a ga sojojin da ido. To sojojin ba su cika ba. Shi ya sa idan lokacin ya zo Saje Bustillo yake bin garin Las Lajas gida-gida yana aron maza, a ba su kaki da ladan wuni da kwanon wake da tortiya, wainar masarar ƙasar. Ga Chalo mai burodi can, tumbinsa ya hana maɓalli rufuwa. Ga wanzami, ga direbobin tasha.

Saje ya bi layi yana raɗa wa kowane ɗan aro sunan da zai amsa. Da ya zo kan Maradiaga sai ya kau da ido.

"Don Teyo, ka tabbata za ka iya?"

"Ni na kawo kaina, Saje."

Saje ya ɗaga murya: "Kowa ya amsa nasa shi kaɗai! Ba a coci muke ba."

"Ni fa na manta nawa," in ji Chalo. "Ramón ne ko Román?"

"Ko me aka kira ka amsa, buhun fulawa!"

Aka yi dariya. Maradiaga bai yi ba. Abin da ya tsayar da shi a ranar nan minti ɗaya ne kawai da yake so a gaban matar da ke binciken kuɗi, ya gaya mata labarin motar bariki da birkinta ya tsinke a gangaren gada da daminar bara. Bariki ta ce babu motar da ta faɗi, babu wanda ya mutu. Ya je babban birni, ya wuni a ƙofar majalisa, aka ce kwamiti yana zama. Ya koma, aka ce kwamiti yana hutu. A ofishin masu bincike wata yarinya ta ce masa ba su da man mota, sai in bariki ta aiko a ɗauke su.

Haka kuwa aka yi. Sai bayan azahar 'yan kwamitin suka iso, a motar Kanar, kwamandan barikin, ƙamshin gasasshen naman Kanar bai bar hannuwansu ba. Ɗan majalisar da ke jagorantar kwamitin ya fito yana fifita da hularsa. A bayansa wata siririyar mata mai tabarau, Doña Oneida, ita ce mai binciken.

"Ranka ya daɗe, ina so in ga garejin motoci tukuna," ta ce.

Ɗan majalisa ya ce, "Baiwar Allah, aikinku muke dubawa mu ma, kada ki manta. Kira sunaye mu tafi, hadari ya taso."

Ta buɗe takardar sunayen. Da suka zo wucewa ta gaban Maradiaga sai ya fito daga layi taku ɗaya.

"Ranki ya daɗe, batun gadar nan..."

"Soja ba ya magana a layi!" in ji Kanar, yana murmushi. "Tsofaffinmu ne, akwai kishin ƙasa."

Ɗan majalisa ya dafa kafaɗar Maradiaga kamar wanda ya san shi. "Ka rubuto mana, baba. Ƙofarmu a buɗe take."

Maradiaga ya ji kamar ya tofa masa yawu a takalmi. Ya koma layi. Saura dama ɗaya: idan Doña Oneida ta kira sunan da zai amsa, dole ta ɗago ta kalle shi. A nan zai cire hula, ta ga furfurar, ya faɗi komai. Ya yi ta bitar maganar a gona har ya haddace ta.

Ta fara kira. Wanzami ya amsa. Chalo ya amsa nasa da ƙarfi har da buga ƙafa. Tana tafe tana sauri, ba ta kallon kowa, alƙalaminta yana gudu.

"Maradiaga, Nahúm."

Ya buɗe baki. Babu abin da ya fito. Hannunsa ya ƙi kaiwa ga hular. Ya ga alƙalamin ya fara matsawa ƙasa, ya san minti ɗayan nan ya tafi.

Ta sake kira, cikin ƙosawa. "Maradiaga, Nahúm!"

Chalo ne ya fara cire hula. Sai wanzami. Sai direbobi, sai sojojin gaske da ke can ƙarshen layi, har da Saje Bustillo. Filin gaba ɗaya ya amsa da murya ɗaya, a hankali:

"Yana nan."

Murmushin Kanar ya ɗauke. Ɗan majalisa ya daina fifita. Doña Oneida ta rufe alƙalaminta, ta cire tabarau, ta tako har gaban tsohon, don ita ma 'yar ƙasar ce, ta san al'ada: mai rai shi yake amsa sunansa da bakinsa, wanda aka binne ne gari yake amsa masa.

"Baba," ta ce, "rigar wa ke jikinka?"

"Ta ɗana Nahúm ce," in ji Eleuterio Maradiaga, wanda gari ke kira Don Teyo, manomin da bai taɓa aikin soja ba. "Da hannuna na cire masa ita a ƙarƙashin gada."