Ranar da Aka Kwashe Ajiya

Labo ya faɗa majalisar sarkin garinsu, can gabas da Ƙarfi, ko gaisuwa bai gama ba.

"Ranka ya daɗe, a rufe ƙofofin gari. Mahara na tafe."

Tun zamanin kakansa, gidansu ne ma'ajiyar garin. Mai kuɗin wuri da mai azurfa duk can suke kai ajiya, kuma arzikin nan ne ya zaunar da shi a majalisa.

"Wa ya gaya maka?" in ji sarki.

"Ba kowa. Amma kwana uku ke nan ana kwashe ajiya daga gidana. Galadima ya karɓi tasa. Jiya surukina Mudi ya zo da jakai biyu, ya ƙi haɗa ido da ni. Mutane sun ji wani abu."

'Yan majalisa suka sunkuyar da kai. Dogarai biyu suka tare bakin ƙofa.

"Kai kaɗai ne ba ka aiko karɓar taka ba, ranka ya daɗe," in ji Labo.

Sarki ya yi murmushi.

"Labo, in na ƙwace gidan mutum, duk abin da aka tarar ciki nawa ne. Me zai sa in wahalar da jakaina?"