Ruwan da Ya Cinye Rumbun Tsohuwa

Ka ce ba ka gane ba, ƙanena: likita ya ce an ci ƙarfin ƙwayar cutar da ta shiga huhun maiɗakinka, amma har yanzu numfashi yana gagarar ta. Zauna ka ji. Shekara talatin na yi ina aikin jinya, amma ba a asibiti na fara fahimtar wannan ba.

Wani manomi ne a ƙauyenmu, da rana tsaka ya hango hayaƙi yana tashi daga jinkar rumbun maƙwabciyarsa, wata tsohuwa da ba ta da kowa. Tartsatsi ne ya faɗa wa ciyawar, wutar ba ta fi tafin hannu ba. Ya ƙwala ihu, kafin ka ce kwabo unguwa ta cika, mai tulu da mai ƙwarya. Shi ya hau tsani, ya ture jinkar, ya shiga karɓar ruwa yana antayawa ta bakin rumbun. Tun a tulu na uku wutar ta mutu, amma gogan naka jiki ya ɗau zafi, sai kiran a ƙaro yake yi, su kuma masu kawowa ba wanda ya leƙa. Wuta ba ta taɓa zangarniya ko ɗaya ba. Bayan kwana huɗu aka buɗe, dawar shekara guda ta kumbura, ta yi zafi, ta yi funfuna, ko akuya ta ƙi ta. Tsohuwar ta ɗebo a hannu ta duba, ta ce masa, "Sannu da ƙoƙari, ɗana. Allah ya biya." Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Kada ka tambaye ni sunansa. Ni dai har ta koma ga Allah ban sake iya haɗa ido da ita ba, kuma kunyar tana nan har yau.

To haka jiki yake. Akwai masu tsaron da aka haife mu da su a cikin huhu, da zarar sun ji baƙo sai su yi kururuwa, 'yan'uwansu su kwararo daga jini. Su ke kawo zazzaɓi da kumburi, kuma ba don su ba da cutar ta gama da mutum tun farko. Sai dai ba su iya tantancewa ba. In ba su lafa da wuri ba, ruwa ya cika gurbin da iska ke shiga, mai ciwo ya yi ta haki. Shi ya sa ka ga an sa mata iskar oksijin ana jira, ba sakaci ba ne. Ka yi mata addu'a masu ɗebo ruwan nan su ajiye tulu da wuri, kada a maimaita abin da na yi. Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.