Kocin Murfin Kwalba

Yaran yanzu ba ku da kunya, ba ku da aikin yi. Namiji da gemunsa ya zauna yana tada jijiyar wuya a kan wasan da ba a buga ba, ba kuma za a taɓa bugawa ba, tunda rabin 'yan wasan suna kabari. To ku buɗe kunne ku ji yadda ta ƙare wa wani bakanike.

Suna da wani zaure a waya, duk cikinsa mahaukatan ƙwallo ne. Kowace Asabar mutum biyu za su kara. Kowa ya zaɓo gwanaye goma sha ɗaya na kowane zamani, rayayyu da matattu, ya faɗi inda zai tsayar da kowanne da yadda zai kai hari, saura su jefa ƙuri'a. Wanda ya ci shi ake kira Koci har sati ya zagayo. Bakanike ya daɗe yana riƙe da sunan nan. Ko a gareji, in ba ka ce Koci ba, ba ya ɗago kai daga cikin inji.

Ba da wasa yake shiri ba. In ya dawo gida, ko baƙin mai bai wanke ba, sai ya jera murfin kwalba a tsakar ɗaki, ya tura wannan, ya janye wancan, yana surutu shi kaɗai. Matarsa tela ce, kekenta na kusurwa. In ta ce abinci na hucewa, ba ya amsawa. In ta taka keke, ya daka mata tsawa wai tana ruɗa masa tunani. Sai ta naɗe hannu ta zauna.

Ana nan sai wata sabuwar lamba ta shigo zauren, ba hoto, ba suna. Suka laƙaba masa Baƙo. A karonsu na farko bakanike ya zuba 'yan gaba huɗu. Baƙo ya cika tsakiya da mutum biyar, ya rubuta: "Wa zai kai musu ƙwallon, Koci? Ko mota za su shiga su zo su ɗauka?" Zaure ya kwashe da dariya, ƙuri'a ta tafi wajen Baƙo.

Sati na gaba ya sake dabara, ya ɓoye gwaninsa mai ƙafar hagu a gefe. Ya tarar Baƙo ya riga ya ajiye masa ƙarti biyu a wurin. Haka aka yi ta yi. Bakanike ya rame. Mota na jiransa a gareji, shi yana tsaye yana rubuta wa Baƙo martani dogo-dogo. Abokan aikinsa suka fara tambayarsa ko an ga sabon Koci.

Abu ɗaya ya tsaya masa a maƙogwaro: Baƙo na sanin shirinsa tun kafin ya fito da shi. Ya bi mutanen da yake gaya wa ɗaya bayan ɗaya, zarginsa ya tsaya a kan mai askin da shagonsa ke kallon garejin, amininsa tun suna yawo ba wando. Sai ya ƙudura cewa wannan karon daga mai aski ba wanda zai gaya wa. Ya zauna a kujera, ana gyara masa gemu, ya raɗa masa cewa 'yan baya uku kacal zai bari. Ya koma gida ya gwada abinsa a ƙasa har ya gamsu.

Ranar Asabar Baƙo ne ya fara turo nasa. 'Yan gudu biyu, ɗaya a kowane gefe, daidai inda mai 'yan baya uku yake barin ƙofa a buɗe.

Bakanike bai karanta har ƙarshe ba. Ya zari babbar sifana ya tsallaka titi.

Mai aski na kan aiki, ya hango shi ta madubi ya yi murmushi. "Koci, gemun ya sake tofowa ne?"

Dukan farko ya tarwatsa madubin. Na biyu ya sauka a kafaɗar mai aski, ya zube, wanda ake yi wa aski ya fita a guje da kumfa a fuska. Bakanike ya danne hannun daman amininsa a kan tebur ya yi ta sauke ƙarfe a kai, yana cewa, "Da wannan kake rubutawa, munafuki? Da wannan?"

"Me na yi maka, ɗan'uwa? Me na yi maka?"

Sai da maza huɗu suka taru kafin a ƙwace sifanar. Tawul ɗin da aka naɗe hannun da shi ya jiƙe sharkaf kafin a kai asibiti. Yatsu biyu aka cire. Hannun nan bai sake riƙe almakashi ba.

Alƙali ya ɗaure bakanike shekara biyar. Garejin ya koma hannun wani. Tun daga ranar Baƙo bai sake tofa komai a zaure ba, shi kuwa bakanike da wannan yake kafa hujja a gidan yari. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Ka gani ko? Na karya hannun, bakin ya mutu."

Sau ɗaya matarsa ta zo ganinsa, yayanta na jiranta a waje. Ba ta kawo masa komai ba. Ta ce takardar sakinta ta zo karɓa, kuma ta riga ta je ta durƙusa a gaban mai aski ta gaya masa gaskiya.

"Wace gaskiya?"

Ta daɗe tana kallonsa ta tsakanin ƙarafa, idonta a bushe.

"Tun da ka kawo ni gidanka ban taɓa yin magana ka juyo ba, maigida. Shi ya sa na sayi sabon layi na shiga zaurenku, don a can ko tari na yi sai ka ba ni amsa."